Wasiƙa zuwa ga ɗana mai koyon aikin kuku a Abuja

Ɗana Sadiƙu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, mahaifiyarka ta shaida mini abin da ka gaya mata a waya, cewa wata huɗu ke nan da shigarka kicin ɗin otal ɗin nan amma har yau ba ka wuce wanke tukwane da yankan albasa ba, kuma zuciyarka ta fara raya maka ka tattara ka dawo gida. Ban ga laifinka ba, domin ni ma sai da na shekara guda cur a bakin famfo kafin babban kuku ya yarda in taɓa ludayin miyarsa, a wancan zamani da otal ɗin Hamdala da na Durbar suke tashe a Kaduna, ni kuwa ina wani ƙaramin otal da bai kama ƙafarsu ba.

Wanke-wanken da kake rainawa shi ne inda ake auna mutum. Babban kuku yana kallon wanda ke zuwa kafin lokaci, da wanda ke wanke katakon yanka bayan ya gyara ɗanyar kaza kafin ya ɗora latas a kai, da wanda ke ajiye ɗanyen nama a ƙasan firji don kada ruwansa ya ɗiga a kan dafaffen abinci. Ba zai ce maka yana kallo ba, amma ranar da wani ya yi fashi, wanda idonsa ya natsu da shi zai kira gaban murhu.

Ba zan manta da wata liyafar biki ta mutum 300 da muka karɓa ba. Na dafa shinkafa dafa-duka tun da hantsi, na juye ta da zafinta a manyan kuloli na rufe, ba a tashi ci ba sai bayan isha'i, muna buɗewa kuwa tsami ya buge mu. A daren muka sake ɗora tukunya, kuma a albashina aka cire kuɗin buhun. Daga baya na fahimci cewa abinci ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60 a ma'aunin Celsius, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5, domin tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa. Babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini haka, sai da na saya da tsada.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne lissafi. Masu daɗin hannu suna da yawa, amma wanda ake ɗaga wa matsayi shi ne wanda ya san abin da faranti ɗaya ya ci daga aljihun mai otal. Ka nemi shiri da mai kula da sito, ka taya shi ƙirga a ranar da kaya suka iso, ka ga yadda ake fitar da abin da ya fara shigowa kafin sabo. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta mutum nawa kilo ɗaya na shinkafa ya ciyar, da abin da ya rage a kilon nama bayan an cire ƙashi da kitse, da yawan man da suyar safe ta sha. Duk ranar da ka so buɗe gidan abincinka ko karɓar girkin biki, wannan littafi zai fi maka jari amfani, domin na ga mutane da yawa da abincinsu ke ƙarewa kullum amma bashi ya rufe musu shago.

Sai maganar takarda, wadda ita ce ta cuce ni. Na yi shekara 26 ina aiki, sau biyu ana kawo yaran da ni na nuna musu riƙon wuƙa a ɗora su a kaina, ba don komai ba sai don suna da shaidar karatu. Kai kada ka bari haka ta same ka. Hukumar NABTEB tana shirya jarrabawar sana'ar girki, cibiyar NIHOTOUR mai koyar da aikin otal da yawon buɗe ido tana nan Abuja kusa da kai, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana ba da difloma ta shekara biyu a wannan fanni. Kafin nan, ka je wurin manaja cikin ladabi ka roƙi a rubuta maka tsawon lokacin koyonka da sassan da za a zagaya da kai, kuma a ba ka takardar shaida idan ka gama, domin alkawarin baka yakan bi manaja ne ranar da aka canja shi.

Na san wasu daga cikin danginmu suna yi wa aikin otal kallon banza, har baffanka ya ce girki aikin mata ne, alhali kullum a wurin mai shayi da mai tsire yake cika cikinsa. Kada wannan ya dame ka. Sai dai ka gaya wa shugabanninka tun yanzu cewa ba za ka yi aiki a sashen giya ba, ka kuma daidaita da abokan aikinka yadda za ka riƙa samun sallah a kan lokaci, kada kuma ko ƙafar kaza ta bi ka gida ba da izini ba.

Ka ƙara wata shida, sa'an nan mu sake magana idan ka zo hutun sallah, kuma ka taho da littafin nan in duba. Mahaifiyarka ta ba direba yaji da kilishi ya kawo maka ranar Asabar, ƙannenka duk suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
daga Tudun Wada, Kaduna