Samudawan Skandinebiya ba dolaye ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi ƙorafi kan marubutan labaran ƙirƙira da masu tsara wasannin kwamfuta da ke aro samudawa daga tatsuniyoyin mutanen da na Skandinebiya, a arewacin Turai. Duk inda ka ga basamude a wajensu, ƙato ne da kulki, kai ba komai, an girke shi a bakin kogo yana jiran jarumi ya zo ya sare shi. Ni dai ina ganin asara suke yi.

A littafin tatsuniyoyi mai suna Edda da Snorri Sturluson, mutumin Aislan, ya rubuta wajen 1220, da gawar basamude Ymir aka gina duniya: namansa ƙasa, jininsa teku, ƙasusuwansa duwatsu, ƙoƙon kansa sama. Odin, babban allolin tatsuniyar, da 'yan'uwansa Vili da Ve ne suka kashe shi, alhali uwarsu Bestla basamudiya ce. Ashe rigimar ta cikin gida ce. (Tatsuniya nake ba da labari, Malam Edita, kada a ce na zo da wata aƙida.)

Wayo kuwa ba a magana. Basamude Utgarda-Loki ya miƙa wa Thor, ɗan Odin, ƙahon sha ya ce ya shanye. Ya kafa kai sau uku bai ga ƙarshensa ba, don ɗaya bakin ƙahon a cikin teku yake. Tsohuwar da ta durƙusar da shi a kokawa, tsufa ce da kanta.

Wadda ta fi burge ni ita ce basamudiya Skadi. An kashe ubanta Thjazi, ta ɗaura sulke ta tafi Asgard, mazaunin alloli, neman fansa. Aka ce ta zaɓi miji a matsayin diyya, amma ƙafafu kaɗai za ta gani. Ta nuna mafi kyawu tana zaton na Baldr ne, kyakkyawan ɗan Odin, sai ga Njord, allan da ke zaune bakin teku. Ya yi kwana tara a tsaunukanta, kukan kyarkeci ya ishe shi. Ita kuma tsuntsayen teku suka hana ta barci, ta tattara ta koma gidan ubanta.

Marubucin da ke gina sabuwar duniya ya gaya mini wa ya auri 'yar basamuden nan nasa, wa ya ci masa amana, kuma diyyar nawa aka biya. Tsawonsa bai dame ni ba.

Naka,
Wani mai bibiyar jaridarku