Wasiƙa Zuwa Kumasi: Macijin da Ya Gagare Ni Zanawa

Daura, Jihar Katsina.

Zuwa ga aminina Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan'uwa na Zangon Kumasi. Mu nan alhamdu lillahi. Hunturu ya kama sosai, hazo ya rufe gari, da asuba sai an ɗumama ruwan alwala. Hajiya kullum tana cigiyarka.

Abin da ya sa na ɗauki biro maimakon saƙon murya da muka saba, wani abu ne ya tsaya mini a rai, kuma kai ne na san ba za ka ce na faye zurfafawa ba.

Ka san har yanzu ina koyar da zane. To, da damina aka ba ni aikin yi wa wani ɗan littafin yara hotuna, labarin rijiyar Kusugu. Na yi Daurama, na yi Bayajidda bisa doki, na yi tsohuwa Ayana a ƙofar ɗakinta, duk ba wuya. Da na zo kan maciji sai aiki ya tsaya cak. Sau shida ina zana shi. Na yi masa fasa kai irin na gamsheƙa, na ƙara masa haƙora, na yi masa jajayen idanu. Da na nuna wa 'yan ajina sai suka bushe da dariya, wata yarinya ta ce, "Malam, wannan ai igiyar guga ce da ido." Wallahi abin ya yi mini ciwo. Macijin da ya hana gari guda ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, macijin da ni da kai ba ma iya fita fitsari in Goggo ta ba mu labarinsa da dare, shi ne ya koma abin dariya a hannuna.

Ana nan sai na shiga Katsina, na tsaya wurin wani mai tsofaffin littattafai da ya baza su a kan buhu. Na tsinci wani babba, bangonsa ya cire, gara ta ci gefensa, cike da zane-zanen Turawan da. Yawancinsu ba launi, baƙi da fari ne zalla, domin a jikin katako ko farantin tagulla ake sassaƙa hoton, a shafa tawada, a danna a takarda kamar hatimi. Na biya ban ko yi tayi ba.

Habibu, tsoron mutanen nan namu ne sak. Akwai zanen Henry Fuseli na 1781, wanda daga baya aka buga shi a takarda aka yi ta sayarwa a Ingila: mace kwance tana barci, hannuwanta sun zubo ƙasa, wata gajeriyar halitta ta yi zaman dirshan a ƙirjinta, ga kan doki da fararen idanu yana leƙowa ta labule. Ina gani na ce dannau! Ka tuna daren da ya danne ka a soron gidanmu, ka ce kana jin motsina amma ka kasa ko ɗaga yatsa? Ashe har can yana zuwa. Shi ma Goya na Sifen, a 1799, ya zana wani mutum ya kifa kai a tebur barci ya kwashe shi, mujiyoyi da jemagu sun taso masa ta baya. Mujiya dai ba ta da farin jini a ko'ina.

Amma wanda ya hana ni barci ƙarami ne, bai kai tafin hannu ba. Yana cikin jerin zanen mutuwa na Hans Holbein, da aka buga a birnin Liyon na Faransa a 1538, hotuna 41. A yawancinsu ƙwarangwal ne ke zuwa ɗaukar wani: sarki a wurin cin abinci, attajiri a kan dukiyarsa, manomi a bayan garma. A ɗaya kuwa, wata bukka ce da rufinta ya ɓule, uwa na tsugune tana girki a murhu, hayaƙi na tashi. Mutuwa ta kama hannun ɗan ƙaramin yaro tana fita da shi ta ƙofa, shi kuma ya waiwayo yana miƙo wa uwarsa ɗaya hannun. Ba jini, ba wuƙa. Tukunya ma tana kan wuta. Na rufe littafin na daɗe zaune, domin haka aka yi a gidanmu shekarar sanƙarau, 1996. Da hantsi ƙanena yana wasa da gwangwani a tsakar gida, washegari kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta, tuwon da aka ajiye masa yana nan a rufe. Kai ka riƙe ni a hanyar dawowa, ban manta ba.

Na san akwai malamanmu da ba sa son zanen mai rai, kuma ban raina maganarsu ba. Ni dai abin da na ɗauka a wurin mutanen nan ba siffar dodanni ba ce. Dubi Gustave Doré a tatsuniyoyin Faransa da ya yi wa hotuna a 1862. Akwai inda iyaye suka tasa 'ya'yansu zuwa daji don su yar da su saboda yunwa. Mutanen 'yan mitsi-mitsi ne, sauran shafin duk kututturan itatuwa ne da duhu, tawada ya zuba ba tausayi. Ba ka ganin komai a cikin duhun, amma idonka ba ya barin wurin. Nan na tuna Goggo ba ta taɓa gaya mana kamannin Dodo ba. Sai dai ta rage murya, ta ce an ji takunsa a bayan danga, ta yi shiru, fitilar aci-bal-bal na rawa a bango. Sauran aikin mu muke yi da kanmu. Shi ya sa Dodona daban, naka daban.

Sai na yage macizan nan shida. Na je Kusugu ranar wata Asabar, na leƙa rijiyar na daɗe, na dawo. Na zana bakinta daga sama, na cika shi da tawada baƙi ƙirin, har sau uku ina maimaitawa sai da takarda ta jiƙe. Na sa igiyar guga ta sulale ciki ba mai riƙe da ita. A gefe ƙafafun mata ne kawai, sun ja da baya, da tuluna a kife, da wani yaro ya ƙanƙame zanen uwarsa. A cikin baƙin nan na kankare ɗigo biyu farare da tsinin reza, ƙanana, sai an kula.

Na kai aji ban ce komai ba, na ɗaga. Ajin ya yi tsit. Can sai yarinyar nan mai maganar igiyar guga ta matso, ta ce a hankali, "Malam, yana ciki?"

Masu littafin sun ce suna so a ga macijin ko da a shafi ɗaya ne, don kada iyaye su ce an cuce su. Muna kan tattaunawa, ni dai ban yarda ba tukuna. Zan ɗauki hoton zanen in turo maka ta WhatsApp, ka nuna wa yaranka kada ka yi musu bayani, ka gaya mini abin da suka fara cewa. Sannan in akwai tsofaffi a Zango da suka san abin da ake tsorata yara da shi a can, ka tambayo mini sunansa da yadda ake ba da labarinsa.

Ka gai da mai ɗakinka da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Mamman