Kafin mai gyara ya ce maka "sai an yi fomatin"

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu shagon buga takardu, mu da har yau muke kan Windows 7, wasu ma XP, saboda furogiram ɗin tsara shafi da zane, PageMaker 7 da tsohon CorelDraw, da hannunmu ya saba da su. Kukan da ake ta yi shi ne layin nan na ƙasan allo, taskba, kana buɗe tsohon furogiram sai ya ɓace, ko ya yi baƙi, ko ya tsaya ƙiƙam ya rufe maka ƙasan shafi. Ka kai wa mai gyara kwamfutar, tun bai kunna ta ba zai ce sai an yi fomatin, wato a goge komai a sake ɗora Windows, ya karɓi kuɗinka, aikin kwastomomi ya tafi, bayan sati abin ya dawo tunda dama ba a taɓa ciwon ba.

Wani furogiram na Windows mai suna explorer.exe ne ke riƙe da taskba ɗin nan. In ya maƙale danna Ctrl+Shift+Esc, Task Manager zai fito, a Processes ka kashe explorer.exe, allon zai yi wayam kar ka firgita, ka je File, New Task, ka rubuta explorer.exe. Shi ke nan ya dawo.

Toh amma in kullum furogiram ɗaya ne ke jawo shi, a nan aikin yake. PageMaker 7 a 2001 ya fito, lokacin babu Aero, adon allon nan mai sheƙi kamar gilashi da Windows Vista ta zo da shi Windows 7 ta gada, shi ya sa wani lokaci ba sa jituwa. Tsofaffin gem kuma sukan sauke allo zuwa 640x480 ko kala 256, in suka rufe ba daidai ba sai su bar komai a karkace. In kana kan Windows 7, danna maɓallin dama na linzami a kan furogiram ɗin, Properties, Compatibility, zaɓi Windows XP Service Pack 3, sannan ka sa alama a Disable desktop composition, Aero zai kwanta muddin furogiram ɗin yana buɗe, kana rufewa ya tashi.

Ka leƙa Device Manager ma, inda Windows ke jera kayan cikin kwamfuta. In ka ga Standard VGA Graphics Adapter, wallahi wanda ya yi maka fomatin bai sa direban allo ba, wato furogiram ɗin da ke sa allo ya yi aiki daidai, kuma hakan suke yawan yi don sauri.

Microsoft ta daina kula da XP a Afrilun 2014, Windows 7 kuma a Janairun 2020, ga filas ɗin kowa da kowa muna sokawa. Don haka in Task Manager ɗin ma ya ƙi buɗewa, ya ce wai administrator ya hana, galibi bairos ne, wannan kam kwashe fayilolinka tukuna sannan ka nemi mai gyara.

Naku,
Mai karatunku daga Zariya