Godiya ta musamman ga gidan tausar dawaki da karnuka na Kaduna

Assalamu alaikum Dakta, da Malam mai tausa, da duk yaran da ke aiki a ƙarƙashinku. Ina fatan kuna lafiya, ya aiki ya haƙuri da mu masu dabbobi.

Yabon gwani dai ya zama dole, shi yasa nace bari in rubuta wannan a fili kowa ya gani, don godiyar da nayi muku baki da baki wallahi bata ishe ni ba. Ni mutumin Zariya ne, muna da dawaki a gida tun zamanin kakanmu, kuma ina cikin masu hawa bayan hakiminmu duk sallah. Ingarman da nake ji dashi, wani akawal, wato baƙin doki, shine ya fara wani irin hali, da an ɗauko sirdi sai ya kwantar da kunne ya hau kaɗa wutsiya, in an ja majayi, wato ɗamarar sirdi, ya juyo zai yi cizo, a kilisa kuma sai kaji tafiyarsa ta gajarce kamar baya son miƙa hannun dama, wato ƙafar gaba ta dama, alhali in ka tsaya ka duba ba zaka ce ga ɗingishi ba. A barga kowa da abinda yake faɗi, wani yace tsiya ce kawai a bashi bulala, wani yace a yi masa lalas, wani ma cewa yayi baki ne ya kama shi. Wani abokina da ke bin 'yan folo shi ya bani labarinku.

Abu na farko da ya sa na yarda daku shine kun ƙi taɓa shi da tausa sai da Dakta ya gama dubawa. Aka auna zafin jiki, Dakta yace lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 zuwa 38.5, aka saurari zuciya, aka ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya aka matsa, aka sa yaro ya ja shi a ƙasa mai tauri ya tafi ya dawo ana kallon yadda yake sauke ƙafa da yadda kai ke motsi. Duk da haka baku tsaya nan ba kuka ce mu kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na ABU da ke Samaru a ɗauki hoton ƙafar, tunda ga shi a ƙofar gidanmu, in akwai tsagewar ƙashi ko ciwon gaɓa toh ba aikin hannu bane. Gaskiya wannan ya burge ni, domin wani da ya karɓe kuɗinsa kawai ya mulmula dokin ya sallame mu. Hoto ya fito ƙashi lafiya lau, sannan kuka ce toh bismillah.

Malam mai tausa, kai kam sai dai Allah ya biya ka. Na tsaya ina kallon yadda ka fara, baka je wajen ciwon kai tsaye ba, sai da ka bari ya shinshina hannunka, ka shafa wuya a hankali tun daga bayan kunne har kafaɗa, sannan ka bi gadon baya da tafin hannu kana dannawa kaɗan kaɗan, da kazo bayan doro ta ɓangaren dama sai naga fatar ta girgiza dokin ya lanƙwashe baya, kace ga ta nan. Bayanin da kayi min a wajen har yau ina maimaita wa mutane, cewa shi doki ba shi da ƙashin da ya haɗa kafaɗarsa da ƙirji irin namu, tsoka ce da jijiyoyi kawai suke riƙe da hannuwansa a jikin gangar jiki, kuma wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan hannuwan nan yake, toh ka ƙara masa mahayi da sirdin katako da jalala da sauran kayan ado, in tsokar wajen ta ɗaure dole taku ya gajarce. Can da aiki yayi nisa sai ga akawal ya sauke kai ƙasa, yana lasar baki yana tauna ba komai a bakin, ya saki hamma, ya ɗage ƙafar baya ɗaya yana hutawa. Dokin da sai an riƙe shi da ƙarfi ake ɗaura masa sirdi! Gani ya kori ji.

Amma inda nafi gode muku shine maganar sirdi, don nan ne asalin ciwon yake kuma baku ɓoye min ba. Dakta ya nuna min wasu fararen gashi guda biyu a gefen doro, a jikin baƙin doki kuwa ba sa ɓuya, mu a barga ado muka ɗauke su, ashe tabon matsi ne na tsawon lokaci. Kuka sa aka ɗaura sirdin aka ɗan zaga dashi har yayi gumi, da aka sauke ko'ina ya jiƙe sai wurare biyu a bushe ƙamas, nan ne katakon ke danne shi har gumi baya iya fita. Sirdin na mahaifinmu ne, an yi shi ne wa wani siririn doki, shi kuwa wannan faffaɗan baya gare shi. Kamar dai a sa maka takalmin ƙaninka ace ka taka daga Zariya zuwa Kaduna kuma kar ka ɓata rai. Kuka faɗa min ƙarara cewa ko kullum za'a kawo shi tausa in an mayar da sirdin nan ciwon dawowa zai yi, kuɗina kawai zan ƙarar. Mutanen da cinikinsu tausa ne su ce maka tausa kaɗai ba zata yi ba, a wannan zamanin, ai sai godiya. Na kai wa mai sirdi ya buɗe shi aka sake abin shimfiɗar ƙasa mai kauri.

Haka bakinsa ma, Dakta ya sa ƙarfen buɗe baki ya haska da tocila, sai ga gefen turamen haƙora yayi kaifi yana yankar kumatu, aka goge su da magagari. Yace haƙorin doki fitowa yake ta yi tsawon rayuwarsa shi yasa ake so a duba a ƙalla sau ɗaya a shekara. Ya kuma yi min magana a kan linzaminmu na gargajiya mai zobe, cikin ladabi ba tare da raina al'ada ba, yace linzami ne mai ƙarfi sosai, a hannun gwani ba laifi amma a hannun yaro mai fizga yana yanka harshe, doki kuma in bakinsa na ciwo sai ya sandare wuya, wuyan kuma ya jawo masa ciwon baya. Yanzu a kilisa ragama mai sauƙi muke sa masa, babban linzami sai ranar hawa.

A nan bari in ɗan yi magana da 'yan uwana masu dawakin sallah, don ni abin yana damuna. Mu fa muna alfahari da hawa, kuma da gaskiyarmu, ko a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. Amma a duba yadda da yawa daga cikinmu ke yi, doki na ɗaure a turke wata da watanni da dabaibayi yana cin dusa da harawa yana ƙiba, sai saura mako guda sallah a kwance shi a hau sukuwa, ranar hawa kuma ya yini da kaya a rana ga jahi a gaban fada. Wace tsoka ce zata ɗauki wannan? 'Yan folo sun riga mu gane wannan, kuje Kaduna lokacin gasar kofin Georgian, wanda ake bugawa tun 1919, ko filin Fifth Chukker da ke Kangimi, ku ga yadda ake zagayawa da dawakin Ajantina safe da yamma, a naɗe musu ƙafa da bandeji kafin wasa a watsa musu ruwan sanyi bayan wasa. Kuma folon nan ai ba baƙo bane a wajenmu, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ya kafa shi a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuwa har yau ana labarin gwanintarsa. Ilimin yana kusa damu, ɗauka ne bamu yi ba.

Sai maganar kare. Na san wasu zasu ce kai malam har da kare? Eh har dashi. Alseshan ne da ya tsufa yana gadin gidanmu da bargar, ƙafafun bayansa suka fara rauni, tashi ma sai yayi ta fama. Kafin ku taɓa shi sai da kuka nemi katin rigakafin ciwon haukan kare, kuma daidai ne, cuta ce da in ta nuna a jikin mutum kusan babu tsira, allurar kuwa ko cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Filato, wadda take nan tun 1924, tana yin ta. Dakta yace ciwon ƙugu ne da irin wannan jinsin suka saba dashi, kuma bai yi min alƙawarin warkewa ba, yace sai dai a sassauta masa. Aka bashi maganin ciwo, ana yi masa tausar cinya da gashin tawul mai ɗumi, kuka ce a rage masa tuwo don ƙibar tana ƙara wa gaɓar nauyi, a shimfiɗa masa abu a kan siminti mai santsi, a riƙa ɗan zagayawa dashi gajere gajere maimakon a bar shi a sarƙa. Yanzu yana tashi da kansa ya tari mutum a ƙofa.

Ina kuma godiya da yadda kuka zaunar da yaron bargarmu kuka koya masa kyauta. Yanzu ya iya miƙa wa doki wuya da karas, ya kai karas ɗin wajen kafaɗa, sannan wajen ƙugu, sannan tsakanin hannuwa doki na bi da kai. Ya san kofato na son gyara duk sati 6 zuwa 8. Mafi muhimmanci ya san lokacin da ba'a tausa, in akwai zazzaɓi, ko kumburi mai zafi, ko miki a buɗe, ko doki na birgima yana kallon cikinsa, wannan Dakta ake kira da gaggawa don doki baya iya amai, ciwon ciki na iya kashe shi a yini guda. Har bidiyo yake turo muku a WhatsApp kuna amsa masa ba ƙyashi, wani lokacin ma da daddare.

Roƙona ɗaya Dakta, dan Allah ku duba yiwuwar riƙa zuwa Zariya ko da sau ɗaya ne a wata, musamman in azumi ya gabato, don ɗauko doki a mota zuwa Kaduna ba ƙaramin kuɗi bane kuma da yawa masu doki ɗaya ba zasu iya ba. Na yi magana da mutanen barga da dama sun ce in dai zaku zo zasu haɗo dawakinsu wuri guda, ni kuma filin gidanmu da ruwa da inuwa duk na ɗauka.

Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ku daga harbin doki da cizon kare, ya saka wa iyayenku da alheri. A gaida yaran gaba ɗaya.

Naku,
wani mahayi daga birnin Zariya