Wasiƙa zuwa ga ɗiyata kan aikin kare namun daji

Assalamu alaikum, ɗiyata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, saƙonki ya iso kuma na karanta shi a tsanake. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ki rage raba dare a gaban kwamfuta. Kin ce hanyoyi uku ne a gabanki bayan wannan digiri: ko ki shiga daji ki zama mai binciken namun daji, ko ki karkata ga nazarin alƙaluma, ko ki bi sabon fannin nan na samo kuɗin kare halittu. Kin tambaye ni wanne zan zaɓa miki. Zaɓi naki ne, ke za ki yi aikin. Amma ina da ra'ayi kan wanda ya kamata ya riga wani, kuma ra'ayin mutumin da ya tsufa yana binciken littattafan kuɗi ne. Ki fara koyon ƙidaya, irin ƙidayar da za ki iya tsayawa gaban kowa ki kare ta, domin duk hanyoyin nan uku a kanta suke tsaye.

Kada ki raina kalmar. Ƙirga dabbar da ba ta son a gan ta yana cikin ayyuka mafi wuya a kimiyya. Giwa ce mafi girman dabba a tudu, amma sai da aka tashi jirage masu shawagi ƙasa-ƙasa a ƙasashe 18 na Afirka, ƙarƙashin jagorancin Mike Chase da kuɗin Paul Allen, kafin a 2016 a iya cewa akwai giwayen dajin ciyawa 352,271 a wuraren da aka duba, kuma sun ragu da kashi 30 cikin ɗari tsakanin 2007 da 2014. Ko a nan ma ba kowace giwa aka gani ba. Jirgi yana bin layi, masu ƙirga suna duban wani siririn yanki a dama da hagu, sannan a yi lissafin sauran filin daga abin da aka gani. Har mushen giwa suke ƙirgawa, don yawan mushe idan aka gwada shi da yawan masu rai yana nuna ko ana kashe su fiye da yadda suke haihuwa. To idan giwa ta ba da wannan wahala, ina ga kunkuru ko jemage ko kifi?

Na san an koya muku dabarar kamawa a saki. A kama dabba 40 a sa musu alama a sake su, bayan wani lokaci a sake kama 50, idan 10 daga ciki suna da alama sai a ce jimillarsu za ta kai 200. Lissafin ɗan firamare ne. Ilimin yana cikin tambayoyin da ke biyo baya. Shin wadda aka taɓa kamawa ba ta koyi gudun tarko ba? Shin wasu ba su mutu ba, wasu ba su shigo daga wani dajin ba? Ullas Karanth ya ɗauki wannan dabara a Indiya cikin shekarun 1990 ya haɗa ta da kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin bishiya, tunda kowace damisar Indiya da irin ratsinta, hoto ya maye gurbin alama. Kafin nan da sawun ƙafa ake ƙirga su, kuma adadin da ake samu bai da tabbas. Wannan shi nake nufi da ƙidaya: ki san yadda aka samo lambar, da inda za ta iya yaudarar ki.

Ga wani misali da nake so ki riƙe. Rahoton da ƙungiyar kare namun daji ta WWF ta fitar a 2024 tare da ƙungiyar nazarin dabbobi ta Landan ya ce an samu raguwar kashi 73 cikin ɗari tsakanin 1970 da 2020. Nan da nan mutane suka ɗauka kashi 73 na dabbobin duniya sun ƙare. Rahoton bai faɗi haka ba. Matsakaicin sauyi ne a cikin rukunonin dabbobi kusan 35,000 da ake bibiya, wasu sun ragu ƙwarai, wasu suna nan yadda suke, wasu ma ƙaruwa suka yi. Labarin ba daɗi, amma wanda ya faɗe shi a karkace ya ba mai gardama sanda. Za ki haɗu da abokan aiki masu kyakkyawar niyya da za su ce ai ƙara gishiri kaɗan ba laifi ba ne tunda don dabbobi ake yi. Kada ki bi su.

Saboda haka ki ɗauki darasin ƙididdiga da muhimmanci ko da kina ganin ya bushe. Ki iya manhajar R ta nazarin alƙaluma har ta zame miki jiki, ki iya zana taswira da QGIS, duka biyun kyauta ne. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat an buɗe su ga kowa tun 2008, kuma da su ne Matthew Hansen da abokansa a Jami'ar Maryland suka fitar da taswirar sarar dazuzzukan duniya a 2013. Rumbun GBIF da ke Kwapanhagan yana ɗauke da biliyoyin bayanai na inda aka ga wace halitta. Ba ki buƙatar izinin kowa ki fara gwada hannunki a kansu yau.

Amma ban yarda ki zauna a ofis tun daga farko ba. Wanda bai taɓa ɗaura kyamara ruwa ya shiga cikinta ba, bai taɓa ganin yadda mai sintiri da ya gaji yake cike takarda da yamma ba, zai riƙa ɗaukar kowace lamba a allon kwamfuta tamkar wahayi. Rumbuna irin GBIF da na ambata cike suke da bayanai daga gefen hanya da kusa da birane da ƙasashe masu arziki, saboda nan ne masu lura suka fi yawa. Wurin da taswira ta nuna babu tsuntsu, sau da yawa babu mai duba tsuntsu ne. Ki yi shekara ɗaya ko biyu a fili tun kina da ƙarfi kuma ba ki da nauyin kowa. Ki saurari makiyaya da manoma da masunta da ke zaune a bakin gandun, domin su ne giwa ke shiga gonarsu, kuma duk tsarin da bai sa su a lissafi ba takarda ce kawai. Ƙasar Namibiya ta gane haka a 1996 ta ba al'ummomin karkara ikon cin gajiyar namun dajin da ke yankinsu. Ki kuma sani filin yana da haɗari. A gandun Virunga na Kwango kaɗai an kashe ma'aikata sama da 200. Ni uba ne, dole in faɗa: ki san inda za a tura ki, da wanda zai ɗauki alhakinki idan wani abu ya faru, kafin ki sa hannu a kan komai.

Labarin da ya sa na daina yi wa fanninki kallon aikin masu tausayin dabba kawai shi ne na ungulun Indiya. Cikin shekarun 1990 suka soma mutuwa, har wasu nau'o'in suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari, ba wanda ya san dalili. Sai a 2004 masu bincike a Pakistan ƙarƙashin Lindsay Oaks suka nuna cewa maganin diclofenac da ake yi wa shanu ne ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushensu. Indiya ta hana ba dabbobi maganin a 2006. Shekaru bayan haka wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka gwada yawan mace-macen mutane a gundumomin da ungulu ke zaune da waɗanda dama ba su da ita, suka kiyasta cewa rashinta ya jawo ƙarin mutuwar mutane wajen rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005, ta hanyar mushen da ke ruɓewa ya gurɓata ruwa da yawaitar karnuka masu ciwon hauka. Dubi yadda aikin ya bi hannu-hannu. Mai ƙirga tsuntsu ya ga raguwar, likitan dabbobi ya gano dalili, mai alƙaluma ya faɗi asarar da harshen da ministan kuɗi zai ji.

Yanzu maganar kuɗi, wadda na fi sani. A Disamban 2022 ƙasashen duniya suka amince a Montreal cewa kafin 2030 za a kare kashi 30 cikin ɗari na tudu da teku, za a riƙa samar da dala biliyan 200 a shekara, a kuma rage dala biliyan 500 daga tallafin gwamnatoci da ke lalata muhalli. Giɓin kuɗin kare halittu da suke so su cike dala biliyan 700 ne kowace shekara. Sadaka ba za ta cike wannan ba, shi ya sa aka shiga ƙirƙiro hanyoyi. Tsohuwar cikinsu ita ce musayar bashi. A 1987 ƙungiyar Conservation International ta sayi bashin Bolibiya na dala 650,000 a kan dala 100,000 ta yafe shi, ita kuma ƙasar ta yi alƙawarin kare wani yankin daji. Abin ya girma. Belize ta yi nata a 2021, Ekwado ta sake sayen bashin dala biliyan 1.6 a 2023 don kare tekun tsibiran Galapagos, Gabon ma ta bi sahu a shekarar.

Wanda nake so ki nazarta da kyau shi ne takardun lamunin karkanda da Bankin Duniya ya fitar a Maris 2022, na dala miliyan 150 na tsawon shekara biyar. Masu zuba jari sun haƙura da ribar shekara-shekara, aka juya kuɗin zuwa gandun Addo da na Great Fish River a Afirka ta Kudu. A ƙarshen wa'adi za a mayar musu da uwar kuɗinsu, sannan ladan da za su samu a kai ya danganta da yadda baƙar karkanda ta hayayyafa. Idan ba ta ƙaru ba, ba su da ko sisi a kai. Idan ƙaruwar ta wuce kashi 4 cikin ɗari a shekara, za su raba kusan dala miliyan 14. Kin ga inda na dosa. Miliyoyin daloli sun rataya a kan lambar da wani zai rubuta bayan ya bi sawun karkanda a cikin ƙaya. Wannan mutumin shi ne ke, ko wanda za ki dogara da shi.

Kuma a nan ne tsorona yake. Da zarar kuɗi ya rataya a kan lamba, kowa a ɗakin yana da lambar da yake so ta fito. Dubi kasuwar takardun kabon, inda kamfani ke biya don a bar daji a tsaye a madadin hayaƙin da yake fitarwa. Duk cinikin ya dogara ne kan hasashe ɗaya: da ba a biya ba, bishiyoyi nawa za a sare? Ba wanda zai iya ganin abin da bai faru ba, don haka mai sayarwa yana da kowane dalili na zuzuta barazanar. A farkon 2023 binciken jaridun Guardian da Die Zeit ya ce sama da kashi 90 cikin ɗari na irin waɗannan takardu na dazuzzukan damina da babbar hukumar tantancewa ta amince da su ba su rage hayaƙin da aka ce sun rage ba. Hukumar ta musanta, amma kasuwar ta girgiza, kuma ayyukan kirki ma sun sha a jikinsu. A aikina na ga yadda irin wannan ke farawa. Ba mai ce miki ki yi ƙarya. Za a ce ki sake duba hasashenki, ko ki cire shekarar nan da ta ɓata lissafi, ko ki bar maganar rashin tabbas tunda tana rikitar da masu zuba jari. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Don haka kafin ki karɓi aiki a wannan ɓangare, ki tambaya wa ke biyan wanda ke tantance sakamakon, kuma me zai same shi idan ya kawo labari mara daɗi.

Batun abin sawa a aljihu ma kada ki ji kunyar yin lissafinsa. Aikin fili shi ne mafi ƙarancin albashi, kuma galibi kwantiragi ne na shekara biyu ko uku da ke ƙarewa ranar da tallafi ya ƙare. A 2020 da annoba ta tsayar da yawon buɗe ido, gandayen da suka dogara da kuɗin baƙi sun rasa abin biyan ma'aikata. Ƙungiyoyi da yawa suna son matasa su yi musu aikin sa kai. Wata uku ko shida don koyo ba laifi, amma kada ki bari ya zama shekaru. Ɓangaren kuɗi ya fi biya, bankuna da kamfanonin inshora suna neman masu fahimtar halittu tun bayan da aka fitar da ƙa'idojin TNFD a Satumban 2023 na bayyana yadda harkar kamfani ke shafar muhalli. Nazarin alƙaluma kuwa yana da wata fa'ida da ke kwantar min da hankali: idan tallafi ya yanke, da shi za ki iya aiki a fannin lafiya ko noma kafin wata ƙofar ta buɗe.

Idan da ni ne, digiri na biyu zan yi shi a fannin da ya haɗa nazarin halittu da ƙididdiga mai zurfi, in zaɓi malamin da ke da aiki a fili kuma ɗalibansa na baya suna yabon sa. Ki rubuta wa biyu ko uku daga cikinsu ki tambaye su kai tsaye. Ilimin kuɗi ana iya ɗora shi daga baya, a watanni kaɗan za ki iya karanta ma'aunin kadara da bashi na kamfani, wannan ni ma zan iya zaunar da ke in koya miki a hutu. Rahoton Partha Dasgupta na 2021 kan tattalin arzikin halittu yana da gajeren bugu, ki fara da shi.

Ki turo min jerin makarantun da kike dubawa da ranakun rufe karɓar takardu, da waɗanda ke ba da tallafin karatu, mu zauna da mahaifiyarki mu ga abin da za mu iya ɗauka. Allah ya yi miki albarka, ya zaɓa miki mafi alheri.

Naki,
Baba