Rubutun barkwanci ma sana'a ce, a koye shi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman ɗan fili a jaridarka mai albarka domin matasan da ke gwada rubutun raha. Da yawansu a majalisa su ne ke riƙe da hira, amma da sun zuba maganar a takarda sai ta yi lami kamar miya ba gishiri. Dalili shi ne a baki akwai murya da fuska da ɗan shirun da mai labari kan yi kafin ya saki magana. Takarda ba ta da ko ɗaya. Jerin kalmomi ne kaɗai zai ɗauki wannan nauyi.

Babban abin shi ne inda aka ajiye kalmar da ke ɗauke da dariyar. Wurinta ƙarshen jimla, kuma kada a ɗora mata komai. A duba wannan: "Rashin wuta ya sa mun mai da firijinmu kabad, abin dariya wallahi." An tona asirin tun a tsakiya, sannan an roƙi mai karatu ya yi dariya. Ga gyara: "Firijinmu shekara uku yana aiki ba fashi, a matsayin kabad." Farkon jimlar ya kai mai karatu gabas, kalmar ƙarshe ta juyo da shi yamma. Ba a ma ambaci wuta ba, shi da kansa zai cike gurbin, kuma wannan cikewar ce ke ba shi daɗi. Duk barkwancin da aka biyo shi da bayani ya mutu. Haka "hahaha" da jerin alamar motsin rai uku uku, duk a share su.

Akwai kuma jeri na uku. Abu biyu na farko su zo da gaske, na ukun ya kauce: "An kawo lefe: akwati shida, atamfa turmi ashirin, da bashin da jikoki za su ƙarasa biya." In biyu ne, kunne bai riga ya saba da hanya ba. In huɗu ne, an gano ka kafin ka isa.

Karin magana jari ne da muka gada a shirye, tunda kowa ya san ƙarshenta. A bar rabin farko yadda yake, a canza wutsiyar kawai: "Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, ban da farashin shinkafa." Wanda ya taɓa rabin farkon ya ɓata tarkon. 'Yan kama sun daɗe da gane wannan dabara: sukan ɗauko salon karatun malamai da nauyinsa, su zuba zancen tuwo da miya a ciki, fuska a murtuke. Murtukewar ita ce rabin aikin.

Sai matsalar rubutun boko, wanda ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na mutane da garin tuwo iri ɗaya ake rubuta su, haka kukan yaro da kukar miya. Mai wasa da irin waɗannan kalmomi dole ya shimfiɗa ma'ana ɗaya sarai a jimlar farko kafin ya juya zuwa ɗayar, in ba haka ba mai karatu zai tsaya yana lalube, dariya kuwa ba ta jiran mai lalube. Masu buga rubutu a waya kuma su kula da ƙugiya. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban.

Yanzu ga inda ake samun rauni, wato wa ake yi wa dariyar. Wasan Bafulatani da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, ko jika da kakarsa, ko taubasai, yana da izini, domin ɓangarorin biyu sun san dokar wasan kuma wanda aka zolaya yana nan zai rama. A jarida ko Facebook babu wannan. Maganar da za a yi a teburin mai shayi a Jekadafari a watse ana tafawa, in ta fita a rubuce za ta isa hannun wanda bai san wasan ba, ta zama cin fuska. Shi ya sa ya fi a nufi hali maimakon mutum: rowa, cika baki, alkawarin ɗan siyasa, dogon jawabin taron biki. Nakasa da addini da talaucin wani a bar su. Zambo da sunan mutum kuwa yana iya ƙarewa a gaban alƙali.

Kayan aikin ba su da tsada. Ƙaramin littafi a aljihu, a zauna a tasha ko bakin kasuwa a rubuta maganar 'yan kamasho da masu ciniki kalma da kalma, kada a gyara musu Hausa. In an gama rubutu a bar shi ya kwana, washegari a ba mutum uku su karanta a gabanka ba tare da ka ce musu abin dariya ne ba. Kalli fuskarsu. Inda ba wanda ya murmusa, a cire, ko da kai ka fi son wurin. A shafi ɗaya raha uku ko huɗu sun isa.

Kai ma Malam Edita da roƙo a wurinka. An saba rage labari daga ƙasa in fili ya yi kaɗan, domin muhimmin bayani yana sama. Rubutun raha nauyinsa a ƙasa yake. In za a rage shi, don Allah a yanka daga tsakiya, a bar layin ƙarshe.

Naka mai karatu,
daga Jekadafari, Gombe.