Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana A Kan Karantar Da Yara A Gida

Wurno, jihar Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da iyalinka. Innarka ta faɗa mini kun yanke shawarar cire yaran daga makarantar kuɗi, ku riƙa karantar da su a gida ta hanyar littattafan labarai da waƙoƙi da tarihi. Ta zata zan yi faɗa, to ba zan yi ba. Na zaɓi in rubuto ne saboda akwai maganar da ba na son yi a gaban mai ɗakinka.

Abin da kuke son yi ba baƙo ba ne a Sakkwato, garin da kake zaune. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙa ta karantar da matan ƙauyuka, ta rubuta da Larabci da Fulatanci da Hausa. Har akwai waƙarta da ta jero sunayen surorin Alƙur'ani, don mai hadda ya riƙe su. Amma ka duba yadda 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata da ta kafa, suka yi aiki. Ba takardu ta aika ƙauye ta ce kowa ta karanta ba. Sai da ta zaunar da jajis, dattawan mata masu hankali, suka koya a bakinta, ta ɗora musu malfa, sannan suka tafi suka koyar. Mai karantarwa aka fara gyarawa.

To a gidanka wa ce ce jajin? Kai kana fita tun safe, sai bayan la'asar. Ke nan aikin nan na uwar yaran ne, ga girki, ga goyo, ga baƙi da ba sa yankewa a gidan Basakkwace. Ka tambaye ta tsakaninka da Allah ko tana so, ko kuwa kunyarka ce ta sa ta amsa. Idan tana so, ka sama mata mai taya ta aikin gida kafin ka sayi littafi ko ɗaya. Kuma duk littafin da za a karanta wa yara, ita ta fara karanta shi. Yaro yana gane wanda ke karanto masa abin da shi kansa bai ɗanɗana ba.

Game da littattafan, kada ka cika gidan da na Turanci kaɗai don ka ga mutanen Amurka suna yi. Su da harshensu suke yi. Ku fara da tatsuniya, a baki, da dare, Gizo da Ƙoƙi da Botorami. Sai littattafan Hausa da suka fito daga gasar da aka yi a Zariya a 1933, waɗanda mu ma da su muka koyi daɗin karatu. Turancin ya shigo a hankali, kowace rana kaɗan. Idan an gama babi, kada a ce yaro ya cike gurbi a takarda. A ce ya maimaita labarin da bakinsa, a tambaye shi me ya sa sarki ya yi haka, shi da me zai yi. Nan ne za ka ji ko ya fahimta. In an karanta tarihin Shehu da Bello, ka ɗauke su zuwa Hubbare, ku leƙa gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, su ga rubutun ajami da idonsu. In kun zo nan kuma ni zan kai su kabarin Bello.

Lissafi fa labari ba ya koyar da shi, ko wa ya ce maka yana yi. A ware masa lokacinsa da sassafe, kafin zafin Sakkwato ya kashe wa kowa jiki, musamman daga Maris zuwa Mayu. Ka kuma tuna dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara na karatun farko. Ka je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ka ji yadda za su zauna jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare. WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, amma kimiyya tana son ɗakin gwaji, wanda ba ka da shi. Ni a ganina ku yi wannan tsari iyakar firamare, sannan ku sake duba lamarin.

Makarantar allo da Islamiyya kuwa kada ka taɓa su. Can za su zauna da 'ya'yan mutane, a zalunce su, su rama, a raba su, su shirya.

Ka gai da mai ɗakinka da kyau. Ka ce wa amaryata ƙarama in na zo ita za ta yi mini tatsuniya, na gaji da yi mata. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka.